Sunan Ɗan Farin Inna

A Croydon, wata unguwa a London, na san cewa mu biyar Inna ta haifa. Har na haura shekara arba'in ina ɗauka mu huɗu ne, ni ce babba, kuma da wannan girman nake juya ƙannena yadda na ga dama. Ranar mun je ofishin shige da fice ne a kan takardun zamanta, 'yan watanni bayan Baba ya rasu mun ɗauko ta daga Kano. Matar da ke bayan gilashi ta tambayi yawan 'ya'yanta. Ni ce tafinta, har na buɗe baki zan ce huɗu, sai Inna ta ɗaga hannu ta ware yatsu biyar. Na sunkuya na ce mata 'ya'ya fa ake tambaya. Ta ce ta ji, ba kurma ba ce, kuma ba da tsufanta za ta fara yi wa hukuma ƙarya ba. Huɗu suna raye, ɗaya ya koma.

A cikin jirgin ƙasa na kasa haƙuri na tambaye ta. Ta juya fuskarta wajen taga ta ce, "Akwai wani kafin ke." Iyakar abin da na samu ke nan har muka isa gida Barking.

Sai a ranar wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai ya warware. Tun muna yara iyayen ƙawayena ba sa kama sunan 'ya'yansu na fari, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", amma ni Inna gatsal take kiran sunana har maƙwabta su ji. Na yi ta alfahari cewa uwata wayayya ce. Ashe ba wayewa ba ce. Kunyar tana da mai ita, ya riga ni zuwa, ya kuma riga ni tafiya.

Na kira ƙanwar Inna da ke Katsina. Ta ja numfashi, sannan ta ce lallai an yi haka. Kafin Baba, Inna ta yi aure a wani ƙauye can wajen iyaka, mijin ya rasu, yaron kuma ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku. Ita ƙanwar a lokacin ƙarama ce, abin da ta riƙe kawai laƙabin ranar da aka haife shi, wanda duk namijin da ya zo duniya a wannan rana da shi ake kiransa. Sunan yanka kuwa, wanda liman ya raɗa masa, ta rantse ba ta sani ba, waɗanda suka sani duk sun kwanta dama. Mutum ɗaya ta rage, ga ta nan a falona tana jan carbi tana ƙorafin sanyi.

A lokacin ina aiki a wani kantin tsofaffin littattafan ilimi a Lewisham, har yanzu ma a can nake. Mai kantin wani dattijon Bature ne mai yawan tari, sana'arsa sayen littattafan malaman jami'a idan sun mutu. Matar mamaci ta yi waya, ya tafi da mota, ya dawo da kwalaye. Ni kuma ina ɗakin ƙasa, in goge littafi, in shigar da sunansa da na marubucinsa a kwamfuta, in faɗi ko bango ya yage ko an yi rubutu a ciki. Duk karatun aikin laburare da na yi a gida, a nan ya ƙare. Da yake ni ce sabuwa, sai aka ɗora mini kanta uku na can ƙurya waɗanda kowa ke gudu. Ɗaya ta manyan littattafan likitanci ce masu karya ƙugu, ɗaya ta bincike a kan 'yan Mormon, ta ukun kuma ta Latin irin wanda malaman coci suka yi ta rubutu da shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mai kantin ya ce kada in damu, a shekara ba a sayen fiye da abin da zan ɗauka a hannu ɗaya.

Latin ban iya ba, ko gaisuwa. Amma kusan kowane littafi yana da doguwar gabatarwa da Turanci, ni kuwa ba a ajiye rubutu a gabana in ƙyale shi. Idan aka tashi cin abinci sai in zauna a kan kwali da shayina in yi ta karatu. A nan na san cewa waɗancan malaman da suka killace kansu don ibada suna da kundin matattu, kowace rana da sunayen da ake karantowa a yi musu addu'a. Idan babbansu ya mutu, sai a tashi ɗan aike da doguwar fata a naɗe, ya bi gidajen ibada ɗaya bayan ɗaya, kowane gida su rubuta addu'a su ƙara da sunayen nasu mamatan. Wani littafi yana da hotunan irin waɗannan shafuka. Sunaye ne jere reras, tawada ta koɗe, har da na mata da na talakawa waɗanda ba a san komai a kansu ba sai sunan.

'Yan Mormon kuwa sun fi kowa zaƙewa. Na karanta cewa suna bin ƙasashe suna ɗaukar hoton rajistar haihuwa da ta mutuwa, suna adanawa a wani kogo da suka fafe a cikin dutse a Amurka, har ma mai rai yana shiga ruwa a yi masa baftisma a madadin kakansa da ya daɗe da mutuwa. Na rufe littafin na ce ikon Allah, mutum ya mutu ma ba za a bar shi ya huta ba, wa ya aike su? Amma da na tashi aiki na shiga jirgin ƙasa zan koma gida sai na ji hassada ta kama ni. Wani manomi da ya mutu a wata ƙasar sanyi tun kafin a haifi kakan kakana yana da inda sunansa ke kwance. Yayana kuwa, da muka sha nono ɗaya, sunansa yana cikin kan tsohuwa ɗaya mai hawan jini.

Shekara shida Inna ta yi a wurina da hankalinta garau, a cikinsu sau biyu na tambaye ta sunan. Na farko ta yi kamar ba ta ji ba. Na biyu ta dube ni sama da ƙasa ta ce lallai ruwan Ingila ya wanke mini kunya tas. Dama tana ciki da ni, don ni ɗana na fari ko a tsakiyar kasuwa sai in ƙwala masa kira da sunansa. Na sha gaya mata cewa a ƙasar nan in ban faɗi sunansa a makaranta da asibiti ba, ɗan wa za su ba ni? Sai ta taɓe baki ta ce Allah Ya shirya.

Daga baya ta fara zuba gishiri sau biyu a miya. Ta fara neman Baba, tana cewa ya daɗe a masallaci. Wata rana na dawo aiki na tarar ta ƙulle kayanta a ɗankwali tana tsaye a ƙofar flat, wai tana jiran motar Katsina. Muka yi ta zaryar asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ta gaya mini cutar mantuwa ce ta tsufa, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa, 'yar zangon Kumasi ta Ghana, ta ce za ta riƙa zama da ita in na tafi aiki. Allah Ya saka wa matar nan, ba ta taɓa nuna gajiya ba.

An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni shaida ce. Washegarin ranar da likita ta yi mini bayani, na sauko da littafin da ya fi kowanne girma a kantar likitanci. Na wani likita ne da ya mutu, ya ja layi da jan biro a wurare da yawa, sai na riƙa bin layukansa. Littafin ya ce abin da mutum ya sani kwanan nan shi ke fara gogewa, na ƙuruciya shi ke jimawa. Ya kuma ce a wasu marasa lafiyar cutar tana cin ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke riƙe mutum, sai ka ga kamili yana faɗin abin da a da ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba. Sau uku na karanta wurin. Abin da ya fara zuwa mini a rai, Allah Ya yafe mini, ba tausayin Inna ba ne. Cewa na yi, ashe akwai ranar da za ta faɗa.

Ana cikin haka ɗana ya zo mini da albishir. Matarsa tana da ciki, an duba an ga namiji. Ya ce da Turanci, don Hausa yana ji amma ba ya mayarwa, ni zan zaɓi suna, ya bar mini. Ko tunani ban yi ba na ce yayana za a yi wa takwara. Ya tambaye ni wane suna ke nan, na ce ya ba ni lokaci. Daga ranar abin ya tashi daga kwaɗayin sani ya koma aiki mai wa'adi, wata biyar da kwana bakwai.

Ba dabarar da ban yi ba. Ina yi mata kitso ina jero sunayen annabawa da sahabbai, ina leƙen fuskarta ko zan ga inda za ta motsa. Duk wanda na ambata sai ta yi masa addu'ar da ta dace da shi, ta ce in ci gaba, lada muke samu. Na ba ta takarda da biro na ce ta rubuta da ajami, tunda rubutu ba furuci ba ne. Ta karɓa ta yi godiya ta ƙunshe goronta a ciki. Na roƙi maƙwabciyarmu ta tambaye ta, tunda ita bare ce, ba kunya a tsakaninsu. Matar ta girgiza kai, ta ce da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "Ka bar tsohuwa ya huta. Allah ya san sunan yaro." Na ce mata na san Allah Ya sani, ai ni ce ban sani ba. Haushinta na ji ranar, don na san ta fi ni gaskiya.

Sai na koma jira. Wannan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na riƙa lura da Inna kamar mai gadin mangwaro yana jiran ya nuna ya faɗo. Ranar da mai gyaran famfo ya zo ta fito gabansa ba ɗankwali, matar da ko ƙannena maza ba su san kalar gashinta ba, na lura. Ranar da ta zagi wata baƙuwa a kan idonta, na lura. Sannan wata Lahadi muna zaune, ta ɗaga murya ta kira Baba da sunansa, sunan da ta yi shekara arba'in da wani abu tana zaune da shi ba ta taɓa furtawa ba. Maƙwabciyarmu ta sa gefen mayafi tana share hawaye. Ni kuwa banɗaki na shiga na rufe ƙofa, don kada a ga fuskata. Murna nake yi. Uwata tana rushewa a gabana, ni ina cewa saura kaɗan.

Masu wannan cuta sukan dawo na ɗan lokaci, littafin ma ya faɗa, amma ban shirya wa hakan ba. Wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙasa ina shafa mata mai a ƙafa, sai na sako maganar a fakaice, kamar abin da na sani na manta. Na ce, "Inna, yaron nan naki na ƙauye, ya ma sunansa?"

Ta janye ƙafarta. Da na ɗaga kai sai na ga idanun Inna na da, waɗanda suke hana mu motsi in mun yi baƙi.

"Ina ganinki," in ji ta. "Kullum kina leƙena. Jira kike hankalina ya gama tafiya ki ɗauka."

Na ce ba haka ba ne.

Ta ce, "Ba abin da ban ba ku ba. Wannan ɗaya ne nawa."

Ba a yi minti biyu ba ta tambaye ni ko motar Katsina ta zo. Na zauna da mai a hannuna na yi kukan da ban yi ba ranar da likita ta yi mini bayani. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na yi alkawari na bar maganar har abada. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Bakina na iya riƙewa, kunnena kuwa kullum a buɗe yake in tana surutanta.

Aka haifi yaron wata Alhamis da hantsi. Da yake mahaifiyar mai jego tana gida Najeriya, sai suka tare a wurina don in kula da ita. Flat ya cika da warin tafasasshen ruwa da kunun kanwa, 'yan barka suna shiga suna fita. Kullum ɗana sai ya tsare ni a kicin ya ce liman yana tambaya, ya riga ya yi booking ɗin wurin taro, suna kawai ake jira. Kullum in ce masa gobe. A lokacin Inna ta daina gane ni gaba ɗaya, "baiwar Allah" take ce mini, wani lokaci ta gode mini da na taimaki baƙuwa.

Ranar Laraba, ana gobe suna, bayan azahar gidan ya yi shiru. Mai jego ta samu barci, ɗana ya fita sayayya. Na ɗauki jaririn na shiga da shi ɗakin Inna, don har ranar ba a ba ta shi a hannu ba, ana tsoron kada ta sake shi. Tana zaune a tsakiyar gado. Na tare ta da matasan kai ta kowane gefe na ɗora mata shi a cinya. Ba zan yi ƙarya ba, ba don ta sa masa albarka kaɗai na kai shi ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta warware zanen, ta duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta duba cibiya, ta sunsuni kansa. Ta ce ya rame, wa ya yi masa wanka da ruwan sanyi? Hannuwan nan da ba sa iya riƙe cokali suka tallabe shi daidai, ta gyara zama, ta kai hannu wuyan rigarta kamar mai shirin ba da nono. Na gane a inda take. Tana ƙauyen nan na wajen iyaka, kuma wanda ke cinyarta ba jikana ba ne. Ta sunkuya a kansa, leɓɓanta suka fara motsi, sai ta ɗago ta gan ni tsaye.

Ta yi murmushin jin nauyi ta ce, "Baiwar Allah, ɗan ba mu wuri mana."

Wayata tana aljihuna, na san yadda ake barin ta tana ɗaukar magana a ƙarƙashin matashi. Ko ba waya ma, ƙofofin gidajen haya na hukuma ba su fi kwali kauri ba. Na fita na ja ƙofar, na tsaya hannuna a kan mariƙi. Na ji ta fara, da wata siririyar murya ta rarrashi da ban taɓa jin ta da ita ba, ko a kan autanmu. Abin da na yi shekara bakwai ina nema yana bayan katako, kunne kawai zan kara. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni kicin ba. Na sa babbar tukunya a ƙarƙashin famfo na murɗe shi har ƙarshe, na tsaya ina jin ƙarar ruwa a ƙarfe har ta cika ta fara zuba.

Da na koma na tarar da su shiru. Yaron idonsa biyu, yana kallon fuskarta. Ta miƙo mini shi da kanta, fuskarta fes, ta ce, "Bai manta ba."

Washegari aka raɗa masa sunan Baba. Kowa ya ce na kyauta, na yi zaɓi mai kyau. Ɗana ya tambaye ni ina maganar yayan nawa, na ce ba ta yiwu ba, shi kuwa ɗan London bai ja zancen ba. Inna ta rasu bayan wata huɗu, cikin tsananin sanyi, muka binne ta a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari.

Wata rana in ce na yi daidai, na bar wa uwata abinta. Wata rana kuma in ciji yatsa in ce na yi wauta, na bar yaro ɗan shekara uku ya ɓace daga duniya gaba ɗaya saboda minti uku na kara. Ba wanda zan kai wa wannan shari'a, kuma ba ta ƙarewa.

Jikana yanzu shekararsa huɗu, ranar Asabar a wurina yake wuni. Ɗakin Inna ya zama wurin wasansa. Wani lokaci yana tsakiyar tura motocinsa a kan kafet sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya waiga wajen gado, irin waigen wanda aka kira. Na san yara suna haka, na san ɗan kwana shida ba ya riƙe komai, littattafan da ke kantata ma za su gaya mini. Duk da haka in ya yi sai tsigar jikina ta tashi. Sau ɗaya na daure na tambaye shi wa ya kira shi. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma kan motocinsa. Ni dai ban kira shi ba.